Ciwon baya mai naci: Jinyar da ke farawa daga motsin da majinyaci ke gudu

Tun da misalin ƙarfe biyar da rabi na asuba motoci ke fara jeruwa a kan hanyar Mararaba zuwa Nyanya, haka ma a hanyar Kubwa da ta Lugbe. Kafin ma'aikaci ya isa Sakatariyar Tarayya ya riga ya shafe sa'a ɗaya ko biyu a takure cikin mota, sannan ya tarar da wata kujerar tana jiran sa a ofis har la'asar. Idan kuwa hadimin wani babba ne, yininsa yakan rabu tsakanin doguwar tsayuwa a bakin ɗakin taro da zaman jira a mota har sai maigida ya fito.

A cikin irin waɗannan mutane ba a rasa wanda ya jingina ɗan matashi a bayan kujerarsa, ya ɗaure ƙugu da ɗamarar asibiti a ƙarƙashin kaftani, ya kuma tanadi katin magani a durowa. Idan fayil ya faɗi ƙasa, masinja yake kira. Idan aka tayar da salla a masallacin ma'aikata, kujerar roba yake nema a ƙarshen sahu. Wanda ya tambaye shi zai ji cewa bayansa ya lalace, kuma yana da hoton asibiti da zai kafa hujja da shi.

Ciwon nasa gaskiya ne, yana kuma hana shi barci. Sai dai binciken da aka yi cikin shekaru arba'in da suka wuce ya kai masana ga wata matsaya mai wuyar karɓa a jin farko: a wajen mafi yawan masu daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya, lallaɓa bayan da ake yi da kauce wa motsi suna cikin abubuwan da ke riƙe da lalurar. A kan wannan fahimta aka gina wasu hanyoyin jinya guda biyu da likitocin fisiyo, waɗanda aka fi sani da likitocin gashin ƙashi, ke amfani da su. Ta farko ita ce ƙara wa jiki aiki mataki-mataki bisa jadawali. Ta biyu ita ce tunkarar motsin da mutum ke tsoro sannu a hankali har tsoron ya sake shi.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Shi ne kan gaba a duniya cikin lalurorin da ke hana mutane gudanar da harkokinsu. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu shi ba a iya danganta ciwon nasu da wata takamaimiyar cuta ko rauni, kuma idan ya wuce makonni 12 ake kiran sa mai naci. A gida Najeriya, wani bincike da aka wallafa a 2003 kan ma'aikatan ofis 840 a Ibadan ya gano cewa kashi 38 cikin 100 sun yi ciwon a cikin shekara guda kafin binciken, kuma ya fi yawa a tsakanin manyan ma'aikata.

Yadda kwanciya ta rasa matsayinta

Har zuwa shekarun 1980, abin da likita ke rubuta wa mai ciwon baya a kusan ko'ina shi ne kwanciya, wani lokaci mako guda, wani lokaci biyu. A 1986 wani likita a Amurka mai suna Richard Deyo da abokan aikinsa suka raba majinyata gida biyu: wasu aka ce su kwanta kwana biyu, wasu kwana bakwai. Sauƙin da suka samu bai bambanta ba, amma 'yan kwana biyun sun yi asarar ranakun aiki ƙasa da na ɗaya rukunin da kashi 45 cikin 100. A 1995 aka sake gwadawa a kan ma'aikatan hukumar birnin Helsinki na ƙasar Finland, inda aka kwatanta kwanciyar kwana biyu, da atisayen baya, da ci gaba da harkokin yau da kullum gwargwadon hali. Waɗanda suka ci gaba da harkokinsu su ne suka fi saurin warwarewa. Duka binciken biyu a kan sabon ciwo aka yi su, amma su ne suka karya lagon tsohuwar shawara.

Hoton asibiti ma ya sha irin wannan tankaɗe. A 1994 aka ɗauki hoton MRI na mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan, sai aka tarar kashi 36 cikin 100 ne kawai dukkan faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu suke yadda littafi ya zana. Fiye da rabinsu suna da faifan da ya ɗan bulluƙo, alhali suna yawonsu lafiya lau. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike da dama ya nuna cewa zaizayewar faifai na bayyana a hoton kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 marasa ciwo, da kashi 96 cikin 100 na 'yan shekara 80. Ke nan yawancin abin da rahoton hoto ke lissafawa da manyan kalmomi kamar furfura ce, alamar shekaru ce da ke fitowa a ciki. Amma mutumin da aka miƙa wa rahoton ba tare da wannan bayani ba yakan fita daga asibiti yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ka.

Da'irar tsoro

Wani likitan tiyatar ƙashi ɗan Skotland, Gordon Waddell, na cikin waɗanda suka fara jan hankali kan cewa abin da mutum ya yi imani da shi game da bayansa na iya naƙasa shi fiye da ciwon kansa. A 1993 shi da abokan aikinsa suka fitar da takardar tambayoyi da ke auna irin wannan tsoro. A shekarar 2000 kuma wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Johan Vlaeyen da Steven Linton, suka zayyana yadda abin ke gudana.

Mutum ya sunkuya zai ɗauki wani abu, baya ya riƙe, ya sha azaba na 'yan kwanaki. Wani zai ɗauki abin a matsayin targaɗen da zai wuce, ya koma harkokinsa da ɗingishi har ya ware. Wani kuwa zai fassara shi da cewa wani abu ya goce ko ya tsage a ciki, kuma sake sunkuyawa na iya kai shi ga keken guragu. Daga nan sai ya daina sunkuyawa, ya daina ɗaukar kaya, ya daina doguwar tafiya. Kowace kaucewa tana ba shi sauƙi nan take, wannan sauƙin kuma shi ke tabbatar masa da cewa ya yi dabara. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

A hankali tsokoki ke raunana, gaɓoɓi su sage, hankali ya tattara a kan baya yana sauraron ko da ɗan motsi. Jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo su ma sukan ƙara saurin ɗauka, kamar ƙararrawar motar da ke kuka a wurin ajiye motoci don kawai an yi tsawa. Ranar da larura ta tilasta masa sunkuyawa, sai bayan da ya manta da wannan aiki ya yi ciwo, shi kuma ya ƙara gaskata abin da yake tsoro. Babu wanda ya ƙirƙiri ciwon a nan. Abin da ya canza shi ne ciwon ya daina zama ma'aunin rauni.

Wannan ba lalurar Turawa ba ce kaɗai. Wani bincike da Chinonso Igwesi-Chidobe da abokan aikinta suka wallafa a 2017 kan mutum 200 a ƙauyukan Jihar Enugu ya nuna cewa yadda mutum ke kallon cutarsa, da tsoron motsi, da zaton mafi munin sakamako, suna cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da naƙasar masu ciwon baya. Masu bincike a Jami'ar Bayero ta Kano kuma sun fassara takardar tambayoyin Waddell zuwa Hausa, suka gwada ingancinta a kan majinyata, aka wallafa aikin a 2019.

Jadawali ne shugaba

Hanya ta farko ta samo asali ne daga aikin Wilbert Fordyce na Jami'ar Washington da ke Seattle, wanda ya fitar da littafinsa kan daɗaɗɗen ciwo a 1976. Fordyce ya lura cewa shawarar a yi aiki har sai an ji ciwo sannan a tsaya tana da ɓoyayyiyar illa, domin tana mayar da ciwo alƙali, ta kuma mayar da hutu ladan jin ciwo. Sai ya juya lissafin: a tsaya idan an cika adadin da aka tsara, hutu ya zama ladan cika alƙawari.

A aikace, majinyaci da likitan fisiyo sukan fara da zaɓen abin da ake son komawa gare shi, a ce tafiyar rabin sa'a ba tare da tsayawa ba. Ana ɗaukar 'yan kwanaki ana auna iyakar abin da mutumin ke iya yi a yanzu. Misali, idan ranar farko ya yi minti 12, ta biyu 8, ta uku 10, matsakaicinsa minti 10 ke nan. Ba daga 10 za a fara ba, daga 7 ko 8 za a fara, domin ya ɗanɗani nasara tun makon farko. Daga nan a rubuta jadawalin ƙari, a ce minti ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku, a riƙa cike shi a takarda ko a waya. Haka ake yi wa zama, da tsayuwa, da hawa bene, da ɗaukar nauyi.

Ƙa'idar tana da kaifi biyu, kuma na biyun ne mutane suka fi karyawa. Ranar da baya ya tashi da ciwo, za a cika adadin ranar. Ranar da aka tashi garau kuma, ba za a wuce shi ba. Duk mai daɗaɗɗen ciwo ya san wannan tarko: Asabar ɗin da jiki ya yi daɗi sai a wanke mota, a share tsakar gida, a zagaye Kasuwar Wuse, sannan a kwanta daga Lahadi har Laraba. Irin wannan hawa da sauka ba ya gina komai. Idan ciwon ya yi tashin da ya wuce misali, tsarin ya tanadi a koma baya da mataki ɗaya ko biyu na 'yan kwanaki, ba a koma gado ba.

An gwada hanyar a wuraren aiki, abin da ya sa ta shafi ma'aikaci kai tsaye. A 1992 aka wallafa sakamakon gwajin da aka yi kan ma'aikata 103 na kamfanin motoci na Volvo a Suwidin, waɗanda ciwon baya ya zaunar a gida tsawon makonni takwas. Waɗanda aka ɗora a kan jadawali sun riga sauran komawa bakin aiki. A 2004 aka wallafa makamancinsa kan ma'aikata 134 na kamfanin jiragen sama na KLM a ƙasar Holan. A cikin watanni shida, matsakaicin ranakun fashin aiki ya tsaya a 58 ga 'yan jadawali, 87 kuma ga waɗanda aka bar wa jinyar da aka saba. Akwai wani abu a rahoton da ya cancanci a tsaya a kansa: zafin ciwon bai nuna wani bambancin a zo a gani tsakanin rukunonin biyu ba. Kusan wata guda na rayuwar aiki suka ƙwato, suna ɗauke da ciwo kusan iri ɗaya da na takwarorinsu.

Gwada abin da ake tsoro

Hanya ta biyu an aro ta ne daga yadda ake jinyar masu matsanancin tsoron abubuwa kamar tsayi ko maciji, kuma ƙungiyar Vlaeyen a Maastricht ta Holan ce ta daidaita ta da ciwon baya. Ta fi dacewa da mutumin da tsoronsa ya fi rauninsa yawa. Ana nuna wa majinyaci jerin hotunan ayyukan yau da kullum, ya ba kowanne maki daga sifili zuwa 100 gwargwadon yadda yake jin zai cutar da bayansa. Da wannan ake gina tsani. Ga ma'aikacin Abuja, matakin ƙasa na iya zama ɗaure igiyar takalmi, na tsakiya ya zama ciro fayil daga durowar ƙasa ko yin ruku'u, na sama kuma ɗaga jarkar ruwa mai lita 25 ko saɓa yaro a kafaɗa.

Kowane mataki ana tafiyar da shi kamar gwajin ɗakin bincike. Kafin a fara, majinyaci zai faɗi abin da yake zaton zai faru: baya zai riƙe, ƙafa za ta mutu, gobe ba zai iya tashi ba. Likita ya yi motsin a gabansa, sannan shi ma ya yi, ya maimaita, a kwatanta abin da ya faru da abin da ya yi hasashe. Galibi akan ji ciwo, amma bala'in da ake jira ba ya zuwa, kuma wannan giɓin da ke tsakanin zato da zahiri shi ne maganin. Bayani da baki kaɗai ba ya yin wannan aiki. Mutum na iya yarda da likita ɗari bisa ɗari cewa sunkuyawa ba ta karya baya, amma jikinsa ya ƙi, har sai ya sunkuya ya ɗago ya ga yana nan.

Likitan fisiyo mai ido yakan kuma farauci 'yan dabarun kariya da ke ɓata gwajin: riƙe numfashi, dafe ƙugu, sandarar da baya kamar katako, ko haɗiye ƙwaya kafin zuwa. Muddin suna nan, majinyaci zai ce su ne suka cece shi. Haka nan darasin da aka koya a ɗakin asibiti ba ya bin mutum gida da kansa. Dole a maimaita shi a ofis, a kicin, a bayan mota, da kaya iri-iri.

Maganar salla tana buƙatar a taka a hankali. Shari'a ta yi rangwame ga wanda ba zai iya tsayuwa ko ruku'u ko sujada ba, kuma babu mai jayayya da wannan. Tambayar da jinya ke yi daban ce: baya ne ya gaza, ko kuwa an daina gwadawa ne tun ranar da ya fara riƙewa? Ga mutumin da ya yi shekara biyu a kan kujera, sake kai goshi ƙasa buri ne da ya fi duk wani atisayen da aka zana a takarda ƙarfin jan hali, kuma ana iya gina tsanin a kansa.

Abin da ba su yi alƙawari ba

Masu tallar waɗannan hanyoyi wani lokaci sukan wuce gona da iri. Gwajin da aka wallafa a 2008 a Holan kan majinyata 85 ya nuna cewa tunkarar tsoro ta fi jadawali rage mummunan zato da ganin motsi a matsayin haɗari, amma wajen rage naƙasa sun zo kusan kunnen doki. Wani nazari na 2010 da ya tattara gwaje-gwaje 15 ya kammala da cewa jadawali ya ɗan fi barin mutum da 'yar shawara kawai, amma bai fi sauran nau'o'in motsa jiki ba. Ribar matsakaiciya ce. Darajarta tana fitowa ne idan aka dubi abin da ake gwama ta da shi a kasuwa.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya. Ta goyi bayan ilimantar da majinyaci, da tsararren motsa jiki, da tausa, da jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, da magungunan rage kumburi. Ta kuma ce kada a riƙa amfani da ɗamarar baya, da jan baya da na'ura, da magungunan kashe zafi dangin ofiyom a matsayin jinyar yau da kullum. Tramadol na cikin wannan dangi. Su ma diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis kamar gyaɗa, daɗewa a kansu na iya taɓa ciki da ƙoda, musamman ga mai hawan jini ko gyambon ciki.

Akwai kuma mutanen da bai kamata su fara kowane jadawali ba sai likita ya duba su. Duk wanda ciwon bayansa ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko kasa yin fitsarin, ko mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, ko raunin ƙafa da ke ƙaruwa, asibiti zai nufa a ranar. Haka wanda ke da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko ciwon dare da ba ya lafawa ko an kwanta, ko tarihin ciwon daji, ko wanda ya faɗi ko ya yi haɗarin mota. A ƙasa irin Najeriya da tarin fuka ke da yawa, ya kamata a tuna cewa ƙwayar cutar na kama ƙashin baya, kuma wannan magani yake buƙata na watanni. Masu amosanin jini su ma lissafinsu daban ne.

Rabon ofis

Ga ma'aikacin da aka tantance aka ce babu ɗaya daga cikin waɗannan, lokaci ba ya gefensa. Sananne ne a wannan fanni cewa gwargwadon daɗewar mutum a gida saboda ciwon baya, gwargwadon raguwar yiwuwar komawarsa aiki. Dokokin aikin gwamnati kuma sun tanadi gabatar da wanda hutun jinyarsa ya yi tsawo a gaban kwamitin likitoci domin a duba ko zai iya ci gaba. Shugaban sashen da ke cewa kada a dawo sai an warke sarai, da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma mai ciwo mai naci na iya jiran wannan rana har ritaya. Abin da ya fi amfani shi ne a bar shi ya dawo da rabin yini, a ba shi damar miƙewa ya taka duk bayan rabin sa'a, a ƙara masa nauyin aiki bisa ranakun da aka rubuta.

Akwai sassan fisiyo a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, haka ma a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Yana da kyau wanda ya je ya faɗi ƙarara abin da ya daina yi da abin da yake son komawa gare shi, ya kuma nemi a rubuta masa jadawali, domin zaman da ya ƙare a kan gashi da fitila da tausa kaɗai yakan yi daɗi a ranar, ya bar tsoron inda yake.

Ga wanda ciwon ya lafa yake gudun dawowarsa, wani gwaji da aka yi a Ostireliya kan mutum 701, aka wallafa a 2024, ya gwada tsarin tafiyar ƙafa da ake ƙarawa sannu a hankali tare da 'yan zama da likitan fisiyo. Waɗanda suka bi tsarin sun kai matsakaicin kwana 208 kafin ciwon da ke hana aiki ya sake dawo musu, sauran kuwa kwana 112.